Na Je Maraɗi Karɓo Muryata

Tun da na dawo daga Nijar ba ku bar ni na sha ruwa ba. 'Yan zumuntar mata a coci, abokan sana'ata a kasuwar kifi ta Kado, har da masu turin baro, kowa ya gan ni sai ya ce, "Maman Ishaku, yaya Maraɗi?" Kun kuwa san halin da maƙogwarona yake ciki yanzu, in na yi magana uku sai na nemi ruwan ɗumi. To ga shi nan a rubuce. Wadda ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita, kar a sake tare ni a hanya.

Sai na fara da waƙar, don in ba ita ba babu abin da zai kai mace mai shekara sittin da biyar ƙasar da ba ta san kowa ba.

A Jos aka haife ni, sunana na yanka Saratu. Mahaifiyata tuwo take sayarwa a bakin wani tsohon sito na masu haƙar kuza, ni ce mai tuƙi. A cikin siton wasu samari suke koyon kiɗa, suna kiran kansu 'Yan Kuza. Kiɗansu irin na Turawan nan ne masu dogon gashi, wanda jita take kuka kamar ana yankan kwano, ganga kuma tana dukan mutum a ƙirji. Rok suke ce masa. Shugabansu Danjuma a faya-fayen da Turawan kuza suka bari ya ji shi, ya haɗa lasifikarsa da kansa daga tarkacen wata tsohuwar silima. In suka fara, kwanukan mahaifiyata har tafiya suke yi a kan tebur. Ni kuwa ina tuƙa tuwo ina kwaikwayon mawaƙinsu, kuma na fi shi, shi ma ya sani.

Wata rana wani mutum ya zo daga Legas da na'urar ɗaukar murya don mawaƙan coci, Danjuma ya lallaɓa shi ya yarda zai ɗauke su da la'asar. Aka haɗa komai, mawaƙi bai zo ba. Ashe ya tafi shiga soja bai gaya wa kowa ba. Danjuma ya fito a guje ya kama hannuna, muciya na ciki, ya ce, "Saratu, zo ki yi mana ihun nan naki." Sau ɗaya muka yi. Da Turanci waƙar take, irin Turancinmu na lokacin, kuma abin da take cewa bai wuce ba zan zauna ba, ba zan yi shiru ba. Tuwon ranar ya ƙone ƙurmus, na sha duka.

Bayan wasu watanni faifan ya iso, ɗan ƙarami a cikin farar takarda, ba hoto. Sunayen maza ne kaɗai a jiki, don ni na roƙi kar a sa nawa saboda tsoron mahaifina. Gidan rediyo ya sa rabinta, mai gabatarwa ya cire ya ba masu sauraro haƙuri, wai na'urarsu ce ta lalace. Ranar Lahadi aka yi wa'azi a kanta. Mahaifina ya gane muryar 'yarsa, ya karya faifan da aka ba ni a kan gwiwarsa. Sauran kwalayen faifan ba wanda ya taya, Danjuma ya haɗa su ya ba wani bafatake mai zuwa Nijar don ya huta da ganinsu. 'Yan Kuza suka watse, yau duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni na yi aure, muka dawo Abuja, na kama sana'ar kifi, na shiga mawaƙan zumunta inda shekara da shekaru ake ce mini in rage murya.

Sai ranar nan a Kado. Haruna, direban da yake kawo mana banda, mutumin Maraɗi ne, ya ja babbar motarsa ya tsaya da kiɗa na tashi a ciki. Ina ɗauke da faranti, na sake shi, kifi ya watse a ƙasa.

"Haruna, ina ka samo wannan?"

"Waƙarmu ce ta direbobi, Mama. Tashi Direba muke ce mata. In gyangyaɗi ya kama mutum a hanya ita yake sawa, tun ubana da ita yake tuƙi. Wani Bature ne ya yi ta, an ce ma ya mutu."

Na ce, "Bai mutu ba, ga shi nan yana tsince kifi. Ni ce."

Wasunku kuna wurin, kun san dariyar da kuka yi. Kafin yamma an raɗa mini Baturiyar Kado. Ban ga laifinku sosai ba, don kaset ɗin da aka kwafo ta ya sha wuya har ba a gane mace ce ko namiji, kuma da zarar ganga ta ƙarshe ta faɗi sai waƙar ta yanke. Amma abin ya ci mini rai. Na tambayi Haruna inda suke samun ta, ya ce asalin faifan yana wurin wani dattijo, Alhaji Ilu mai kaset, a tashar Maraɗi.

A makon ne kuma likita ya ce ƙarin da ke maƙogwarona sai an yi aiki, nan da sati uku. Bai ɓoye mini ba, ya ce mai yiwuwa muryar ba za ta dawo ba, kuma kafin nan kar in kuskura in ɗaga ta. Na fito daga asibiti da abu ɗaya a raina: muryar nan ba za ta tafi da sunan wani Bature ba.

Ɗana Ishaku, wanda yake aikin gwamnati kuma dattijo ne a cocinmu, ya ce sam.

"Momi, abeg. Hanyar Jibiya? Da wannan ciwon? Saboda waƙar 'yan shaye-shaye? Ko da ke ce, me za ki samu?"

Ɗan da na haifa ne yake cewa ko da ni ce. Na ce masa ban zo neman izini ba, sallama na zo yi. Maƙwabciyata a kasuwa, Hajiya Indo, Bakatsiniya mai sayar da kayan yaji, tana da ƙanwa da ke aure a Maraɗi. Ta ce, "Ni fa ban yarda ke ce ba, Saratu, amma ba zan bar ki ki tafi ke kaɗai ba." Na ce hakan ma ya isa.

Da sassafe muka hau mota a Zuba. Na zaɓo tarwaɗa mafi kyau a rumfata na ƙulle a kwali don tsaraba, 'yan kamasho suka ɗaure shi a bayan mota. Direbanmu wa'azi ya sa tun daga Tafa har Kaduna, wani fasinja kuma yana gyara wa malamin karatu daga kujerar baya. Bayan Zariya taya ta fashe, muka zauna a inuwar mangwaro muna cin rake, Hajiya Indo tana ba wa matan motar labarin abin da zai kai ni Nijar. Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, baiwar Allah." Ba maƙogwarona take nufi ba.

A Katsina muka kwana, gidan yayan Hajiya Indo. Matar gidan ta ji an ce Kirista ce daga Abuja, ta rasa abin da zan ci, sai ga ta da taliyar yara da ƙwai, har da cokali mai yatsu a faranti. Su kuwa suka zauna a kan tuwon dawa da miyar kuka. Na ture taliyar, na wanke hannu na shiga tsakiyarsu. Da na kai loma na ce mata tuƙin bai ji ba, da saura kaɗan. Ta riƙe baki, sannan ta fashe da dariya ta ce ashe 'yar gida ce.

Washegari muka kama hanyar Jibiya. A nan kam ba wanda ya yi hira a mota. Shingen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya, Hajiya Indo tana jan carbi, ni ina karanta tawa addu'ar a zuci. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji tsoro, amma ban taɓa tunanin komawa ba.

A kan iyaka namu mutanen suka duba katin shaida da na rigakafi suka sallame mu. Da muka tsallaka sai ga jandarma, jami'in tsaron Nijar, wani siriri mai gilashi, ya buɗe babban littafi.

"Madam, mi ya kawo ki?"

"Muryata na zo karɓa."

Ya ɗago ya dubi Hajiya Indo. Ta taɓa kanta da yatsa a fakaice, ta ɗauka ban gani ba. Ya rubuta ziyarar dangi. Da aka zo binciken kaya aka buɗe kwalina, wari ya bugi kowa. Ashe a jikin jarkar fetur mai yoyo aka ɗaure mini shi tun daga Katsina. Shekara talatin ina sana'ar kifi, ranar da zan kai tsaraba wata ƙasa sai na kai tarwaɗa mai warin gidan mai. Ko karnukan kan iyaka ba su kula ta ba.

Maraɗi ta ba ni mamaki. Hausa ake yi ko'ina, amma sai ka kasa kunne: lahiya, hura, mi kika ce. Babbar mota kamiyo suke ce mata. Mata da lulluɓinsu suna tuƙa babur, ba mai juyowa ya kalle su, alhali mu a Abuja da an tsaya ɗaukar hoto. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa yana yanka dasashi. In rana ta take kuwa gari yakan kwanta gaba ɗaya, mai shago ya ja ƙofa ya miƙe a tabarma, ko me za ka saya sai ka jira la'asar. Na tuna yadda muke hamma a kan faranti a Kado ba mai iya rufe ido, na ce waɗannan sun fi mu wayo. Ƙanwar Hajiya Indo ta sauke mu da dambun zogale da fura mai sanyi, ba ta ce uffan a kan tsarabar da ba ta zo ba.

Da hantsi muka je tasha. Rumfar Alhaji Ilu tana bayan layin manyan motoci. Yanzu a katin waya yake loda wa direbobi waƙoƙi, amma tsofaffin kaset suna nan jibge har rufi. Tsoho ne fari tas, da ƙaramar murya. Muka gaisa, ya ce sai mun sha shayi, kuma a can shayi sau uku ake zubawa, ba a shiga magana sai an kai na uku. Na zauna ina haɗiyar haƙuri da ruwan zafi.

Da aka gama na ce, "Alhaji, waƙar nan da kuke kira Tashi Direba na biyo. An ce faifan yana wurinka."

"Yana nan. Na Turawa ne, ba na saidawa ba ne."

"Ban zo saye ba. In ganga ta ƙarshe ta faɗi, faifan bai ƙare ba. Akwai yarinyar da take magana da Hausa."

Kofin da ke hannunsa ya tsaya a hanya. Na matsa kusa na faɗa masa abin da yarinyar take cewa, kalma bayan kalma. Ya dube ni ya ce, "La'ilaha illallahu. Ke ce mai tuwon?"

Hajiya Indo ta dafe ƙirji.

Shi da bakinsa ya ba mu labari. Bafataken nan ya rasa yadda zai yi da kwalayen, ya zube masa su. Yawancinsu zafi ya lanƙwasa. Ya sa ɗaya a rumfa, wani direba ya ji ya ce a kwafa masa, daga nan ta bazu har Agadas. Amma a sana'arsu, in ji shi, kaset ɗin Turawa daban yake da na gida a idon mai saye. "Direba ba zai ɗauki waƙar 'yar tuwo da daraja ba, Madam. Shi ya sa kullum nake ɗaga allura kafin ki yi magana. In ba don ni ba da waƙar nan ta mutu tuntuni."

Na ce wannan gaskiya ne, kuma na gode. A garinmu karya ta aka yi, a nan aka raya ta. Amma yau ba zai ɗaga allurar ba, zai bar ta ta kai ƙarshe a gaban direbobi.

Ya ce ina, ba zai yiwu ba. Shekara arba'in da wani abu yana gaya wa mutane magana ɗaya, yanzu da furfurarsa a ce masa maƙaryaci? Ya shiga ciki ya fito da faifan a naɗe cikin tsumma, ya miƙo mini. "Ki tafi da shi, naki ne. Ki sa wa 'ya'yanki a gida, mu rabu lahiya."

Rabona da ganinsa tun a gwiwar mahaifina. Amma na mayar masa. Na yi shiru sau ɗaya saboda tsoron tsoho, ba zan sake yi saboda kunyar wani tsohon ba.

Na fita tsakiyar tasha, na ɗaure gyalena a ƙugu. Hajiya Indo ta biyo ni tana cewa, "Saratu, likita fa! Saratu!" Na ji ta sarai. Na buɗe baki na saki amshin waƙar, tun daga ƙasan ciki, yadda na sake shi a siton kuza. Ba zan ce ya fita kamar na 'yar shekara sha bakwai ba, a tsakiya ya tsage, na kuma ji ɗanɗanon jini. Amma masu cin abinci sun ajiye cokali, wanda ke ƙarƙashin mota ya fito da sifana a hannu, kafin in rufe baki an kewaye ni.

Da guntuwar muryar da ta rage na ce musu, "Waƙarku ni na yi ta. A ƙarshen faifan akwai maganar da ba ku taɓa ji ba. Zan faɗa muku ita yanzu, sannan Alhaji ya sa. In ba haka ba ne ku kira ni mahaukaciya, na saba." Na faɗa musu. Wasu suka yi dariya, wasu suka fara kiran Alhaji Ilu ya fito da garmahonsa na kunna faifai a raba gardama. Da ya ga ba mafita, ya fito da shi da kansa, aka jona da batirin mota.

Jitar Danjuma ta tashi, tas, ba kamar ta kaset ba. Na rufe ido. Direbobi suna bin waƙar da baki, duk da ba su san abin da take cewa ba. Ganga ta ƙarshe ta faɗi. Na ga hannun tsohon ya tafi wajen allura don sabo, ya tsaya, ya mayar da shi aljihu. Faifan ya yi ƙaraf-ƙaraf, sai ga muryar yarinya tana haki:

"Danjuma, sake ni mana, na bar tuwo a wuta!"

Hajiya Indo ce ta fara rangaɗa guɗa, tana kuka, wayarta a sama tana ɗauka. Wani tsohon direba ya yi fushi sosai, don ya daɗe yana gaya wa mutane ya taɓa ganin Baturen da idonsa a Agadas, abokansa suka sa shi a gaba da tsiya. Wani kuma ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce akwai ranar da barci ya ɗauke shi da lodin albasa, ihuna ne ya tashe shi a bakin gada. Da aka watse Alhaji Ilu ya matso kusa da ni. Ya tambayi cikakken sunana, ya ce daga yau da shi zai riƙa lodawa, kuma har ƙarshe. Faifan na bar masa. A gidana akwati zai shiga, a wurinsa kuwa aiki yake yi.

Kwana biyu ban iya magana ba. A hanyar dawowa Hajiya Indo ce bakina, kuma ta yi amfani da damar yadda take so, duk motar da muka shiga sai ta ce ita tun farko ta san ni ce. Ta tura wa Ishaku abin da ta ɗauka. Da muka sauka a Zuba na same shi tsaye yana jira. Ya karɓi jakata, ya ce, "Momi, sau tara na kalla."

An yi aikin. Ƙarin ya fita lafiya, na gode wa Allah. Muryar ba ta dawo ba, sai wannan raɗar da kuke ji. Likita ya ce da ban yi ihun nan ba wataƙila da an tsira da wani abu, wataƙila kuma a'a. Akwai safiyar da nake tashi in buɗe baki zan yi waƙa in tuna, in zauna in yi kuka. Amma ko yau aka mayar da ni tsakiyar tashar nan, sai na sake yi.

Makon jiya Haruna ya shigo Kado da lodin banda, waƙar tana tashi a motarsa, sabuwar lodawa. Da ta zo ƙarshe duk layinmu suka haɗa baki suka ce sun bar tuwo a wuta, har da waɗanda suka raɗa mini Baturiya. Ya mayar da ita farko. Ina cikin ciniki da wata mata 'yar gayu, ta ce, "Madam, ɗaga murya mana, ba na jin ki."

Na nuna mata motar Haruna na ce, "Ga ta can, an ɗaga."